Gudun Hijirar Aulad Sulaiman da Cinikin Iyakokin Hamada

Wanda ya bar garin Gure ya fuskanci arewa maso gabas, in ya wuce duwatsun Kutus, gonakin hatsi za su yi ta raguwa a idonsa har su ƙare ƙaf, ya shiga ƙasar da ba a lissafa ta da garuruwa sai da rijiyoyi. A can Tasker take, wadda har shekarar 2011 yanki ce na gundumar Gure kafin a ba ta gundumar kanta. A bakin waɗannan rijiyoyi, tare da Tubawa da Fulani da Buzaye, akwai wasu Larabawa makiyayan raƙuma waɗanda Larabcinsu ya fi kama da na mutanen Sabha da Sirti na ƙasar Libiya bisa ga na Shuwa da aka saba ji a Barno. Sunansu Aulad Sulaiman. Yaran makaranta sun san su a matsayin ɗaya daga cikin al'ummomin Nijar, amma kaɗan ne aka gaya wa cewa kakannin waɗannan mutane sau biyu suna ƙetaro hamada da gudu, ana biye da su, kuma sau biyun sai da maganarsu ta kai teburin jakadu a Tarabulus da Santambul da Paris da Roma.

Asalin mazauninsu shi ne tsakanin gaɓar teku ta Sirti da dausayoyin Fazzan. Da sanyi su yi kiwo a filayen arewa, da kaka su gangara kudu ɗibar dabino, hanyar fatake kuwa da ta tashi daga Tarabulus ta bi Murzuk da Kawar ta sauka Barno, ta tsakiyar ƙasarsu ta ratsa. Wanda ke zaune a kan irin wannan hanya ba ya rasa rigima da mai mulki. Yusufu Karamanli, Basha na Tarabulus, ya sha yaƙarsu a farkon ƙarni na 19, har ya kashe shugabanninsu, ya ɗauke wani yaro daga gidan sarautarsu na Saifun Nasar ya rene shi a fadarsa. Yaron nan shi ne Abdul Jalil. Da ya girma an aike shi kudu tare da rundunonin da Tarabulus ke turawa don taimakon Shehu Laminu na Barno, ya ga Kanem da idonsa, ya san rijiyoyinta da makiyayarta. Wannan sani ya yi wa danginsa rana daga baya.

A 1831 Abdul Jalil ya yi wa Basha tawaye ya ƙwace Fazzan. A 1835 Turkawa suka zo da jiragen ruwa daga Santambul suka kau da gidan Karamanli, suka karɓi mulkin Tarabulus da hannunsu, amma Fazzan ta ci gaba da zama a hannun Abdul Jalil har wajen shekara goma sha ɗaya. Rauninsa ɗaya ne: ba shi da mashigar teku. Bindiga da albarushi ta teku suke zuwa, teku kuwa tana hannun Turkawa. Wannan ne ya tura shi neman abokai cikin Turawa, kuma a nan ne siyasar jakadu ta fara shiga tarihin wannan kabila. Wani Bafaranshe mai suna Subtil ya ƙulla da shi a kan haƙar farar wuta a ƙasar Sirti. Ƙaramin jakadan Ingila a Tarabulus, Hanmer Warrington, wanda ya riƙe wannan muƙami tun 1814, shi kuma burinsa a hana cinikin bayi ta hamada, ya ga cewa mai riƙe da Murzuk shi ne mai riƙe da maƙogwaron wannan ciniki. A 1842 Abdul Jalil ya bar mafakarsa ya fito gaɓar Sirti don ganawa da shi. An yi ganawar, jakada ya koma jirginsa, ba a daɗe ba sojan Turkawa suka rutsa da Abdul Jalil, aka kashe shi tare da ɗan'uwansa Saifun Nasar, aka kai kansa Tarabulus. Har yau masana tarihi na muhawara a kan ko Warrington ya san tarkon ko sakaci ne kawai. Ko ma wanne ne, Ingila ba ta yi asarar komai ba.

Waɗanda suka tsira suka bi bayan Muhammadu ɗan Abdul Jalil suka yi kudu, suka sauka Borku, daga nan suka zarce Kanem, arewa da Tafkin Cadi. Sun iso ba dukiya, sai bindigogi da dawaki da sanin yaƙi, a ƙasar da yawancin mutanenta mashi da takobi suke riƙewa. Abin da ya biyo baya ba abin yabo ba ne, kuma tarihi ba ya gyaruwa da ɓoye shi. Hari suka mayar sana'a. Suka addabi Tubawa da Kanembu, har mutanen ƙasar suka yi musu laƙabi da Minneminne, wato masu cinyewa. Da ƙarfinsu ya kai, suka faɗa wa ayarin gishiri na Abzinawa da ke zuwa Bilma, suka kore dubban raƙuma. Taɓa ayarin gishiri kuwa taɓa abincin kowa ne, tun daga Agadas har Damagaram da Kano. A 1850 Kel Ewe suka tara mayaƙa suka bi su har Kanem, suka yi musu mummunar ɓarna, Muhammadu kansa ya faɗi a wannan rana.

Da a ce a nan maganar ta tsaya, da sunansu ya ɓace. Wanda ya tsame su shi ne Wazirin Barno, Alhaji Bashir, a zamanin Shehu Umaru. Barno na jayayya da Wadai a kan Kanem, ba ta kuwa da rundunar da za ta zaunar a can. Sai Waziri ya ba ragowar Larabawan bindigogi da abinci, a kan su tsare masa wannan kusurwa, ganima kuma a raba. Mafaka ce, amma mafaka mai sharaɗi, kuma duk wanda ya ba su masauki bayan wannan, Musulmi ko Nasara, irin wannan lissafi ya yi. A ƙarshen 1851 Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdul Karim, ya bi su yawon hari a Kanem tare da abokinsa Overweg, don ba wata hanyar ganin ƙasar sai a inuwarsu. Abin dariya ne a ce manzon gwamnatin Ingila, wanda aka aiko da takardun hana bauta, yana kwana a sansanin mahara. Shekara guda bayan haka, a watan Disamba na 1852, Barth ya sauka a Gure a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, wanda a lokacin yake biyayya ga Kukawa, yana tsare mata iyakar arewa maso yamma daga harin Buzaye. Ke nan Barno ta jingina tsaron arewacinta ga ƙofofi biyu: Mangawan Muniyo a yamma, baƙin Larabawa a gabas. Ƙasar da ke tsakanin ƙofofin nan biyu, daga Kutus zuwa Tarmit, ita ce jikokin baƙin suka mayar makiyaya daga baya.

Cikin shekara ashirin suka farfaɗo. Wasu ƴan'uwansu da Larabawan Magarba suka biyo su daga arewa. Lokacin da Gustav Nachtigal ya yi watanni tare da su a 1871, ƙarƙashin wani Abdul Jalil ɗin, jikan na farko, su ne masu faɗa a ji daga Kanem har dabinon Borku.

Taswira ta riga soja zuwa

A ran 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Ba a tambayi Sarkin Damagaram ba, ba a tambayi Muniyoma ba. Wanda ya ɗaga murya shi ne Sarkin Santambul. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin Turkawa ta aika wa Landan da Paris takarda tana cewa bayan gidan Tarabulus nata ne, ta lissafa Kawar da Tibesti da Borku da Kanem da Wadai da Bagirmi, tana kafa hujja da hanyoyin ayari da fataucin mutanen Tarabulus a waɗannan ƙasashe. Mai karatu zai lura da juyin da ke cikin wannan magana. A duk faɗin ƙasashen da aka lissafa Turkawa ba su da soja ko ɗaya. Mutanen Tarabulus da ke zaune a Kanem da bindiga a hannu su ne jikokin wanda Turkawa suka sare wa kai. Ƴan tawayen jiya sun zama shaidar mallakar ƙasa.

Turawa ba su kula takardar ba. Bayan rikicin Fashoda, Ingila da Faransa suka sake zama a ran 21 ga Maris 1899, suka ja wani layin da ya bar wa Faransa Tibesti da Borku da Kanem. Santambul ta sake ƙorafi, aka sake yin kunnen uwar shegu da ita. A watan Yuli na wannan shekara Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. A watan Oktoba Joalland da Meynier suka tashi daga Zinder suka yi gabas, suka isa Ngigmi, suka zaga tafki ta arewa, suka ƙulla yarjejeniya da Alifan Mawo. Italiya kuwa, wadda ba ta da ko taku ɗaya a Tarabulus tukuna, ta sami alkawari daga Faransa a 1900 da 1902 cewa in ta ƙyale ta da Maroko, ita ma za a ƙyale ta da Tarabulus. Ana rabon fatar kura tun kura na yawo a dawa.

A Kanem Faransawa sun tarar da abin da taswira ba ta nuna ba. Ɗarikar Sanusiyya, wadda ta daɗe da zawiya a Kawar, ta matso da cibiyarta daga Jagbub zuwa Kufra a 1895, daga nan zuwa Guro a gefen Tibesti a 1899, ta kuma yi abin da ba wani sarki da ya iya: ta sulhunta Aulad Sulaiman da Buzaye da Tubawa, ta tara su a zawiyar Bir Alali. A watan Nuwamba na 1901 Faransawa suka kai wa zawiyar hari aka kore su, kaftin ɗinsu Millot ya mutu. A watan Janairu na 1902 suka dawo da ƙarfi suka ci ta. A cikin waɗannan yaƙe-yaƙe Gaisu, shugaban gidan Saifun Nasar na Kanem, ya rasa ransa. Kabilar ta rabu biyu. Wani ɓangare ya miƙa wuya don ya tsira da raƙumansa da makiyayarsa, wani ya ja da baya zuwa Borku ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin tutar Sanusi.

Daga nan aka shiga shekara goma na wani irin wasa mai ban takaici. Faransawa sun kafa bariki a Gure da Ngigmi a farkon shekarun 1900, suka mamaye Bilma a 1906, suka kafa sojan raƙuma don raka ayarin gishiri. Mahara kan taso daga Borku ko Tibesti ko Fazzan, su faɗa wa Kawar ko Fashi ko rugagen arewacin Muniyo, su kore dabbobi da mutane, su koma arewa. In kumandan ya bi sawu ya kai wani wuri, sai ya ja linzami, domin daga can gaba ƙasar da Turkawa ke da'awa ce, kuma Paris ba ta son rigima da Santambul. Sai ya rubuta wa Zinder, Zinder ta rubuta wa Dakar, Dakar ta rubuta wa Paris, jakadan Faransa ya je fadar Sarkin Turkawa ya kai kuka cewa ana ba mahara mafaka. Kafin amsa ta dawo an sayar da raƙuman a Murzuk. Turkawa su kuma, da suka ga ana matsowa, suka tura hafsa mai himma, Jami Bey, zuwa Gat, suka kafa ƴan ƙananan sansanoni a Bardai ta Tibesti da Ain Galaka ta Borku, sojoji ƴan ƙalilan da tuta. Sanusawa, waɗanda da can ba sa son ganin jar hular Turkawa, suka karɓi tutar, da fatan Faransa za ta ji nauyin harbin ta. Ƙasashen biyu sun shata iyakar Tunusiya da Tarabulus har Gadamus a watan Mayu na 1910, suka shirya zama na biyu a ƙarshen 1911 don shata ta kudu. Ba a yi zaman ba. A ran 29 ga Satumba 1911 Italiya ta shelanta yaƙi a kan Turkiyya, a watan Oktoba na 1912 Turkawa suka sa hannu suka janye. Da tuta ta sauka, Kanar Largeau ya ci Ain Galaka a watan Nuwamba na 1913, wata rundunar kuma ta tashi daga ƙasar Nijar ta hau Tibesti.

Yaƙin duniya na farko ya birkita komai na ɗan lokaci. An kori Italiyawa daga Fazzan a ƙarshen 1914, aka ragargaza su a Kardabiyya kusa da Sirti a watan Afrilu na 1915, gidan Saifun Nasar na arewa yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Bindigogin da aka ƙwace daga hannun Italiyawa su ne Kawsan ya zo da su ya tsare Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da aka karya shi ya bi hanyar da Larabawa suka biyo, amma ta fuskar komawa, ya nemi mafaka a Fazzan, inda aka kashe shi a farkon 1919. Hamada tana karɓar mai gudu ta kowace fuska.

Gudu na biyu

Bayan hawan Mussolini a 1922 Italiya ta ɗaura aniyar sake cin ƙasar taku bayan taku. A watan Fabrairu na 1928 Aulad Sulaiman suka gwabza da ita a Tagrift, suka yi mata ɓarna, amma doki da raƙumi ba sa tsere wa jirgin sama. A ƙarshen 1929 Janar Graziani ya gangara Fazzan da motoci masu sulke. Murzuk ta faɗi a watan Janairu na 1930, Gat a watan Fabrairu. Dubban mutane, da mata da yara da ragowar dabbobi, suka watsu cikin rairayi jirage na bin su. Wasu suka yi yamma suka shiga Aljeriya ta wajen Janet, cikinsu har da Muhammadu Fikini, da Abdun Nabi Bilhair shugaban Warfalla, wanda ƙishirwa ta kashe a hamadar Aljeriya daga baya. Wasu suka yi kudu zuwa Tibesti da Borku da Kawar, suna neman dangin da suka riga su da shekara casa'in. Abdul Jalil Saifun Nasar, mai sunan kakansa, ya yi gabas zuwa Kufra, ita ma ta faɗi a watan Janairu na 1931. Waɗanda suka fita daga Kufra suka nufi Masar ba su san rijiyoyin hanyar ba, da yawansu suka mutu a kan rairayi, sauran kuma wani Bature mai awon ƙasa, Clayton, da hukumar dausayin Dahla suka tsinto da motoci. A wannan shekara Graziani ya shinge iyakar Masar da waya mai ƙaya ta tsawon kilomita 270, aka rataye Umar Muhtar a ran 16 ga Satumba.

Wannan karon tambayar da ta tashi tsakanin Roma da Paris ta fi ta da kaifi, domin yanzu ƙasashen Turai biyu ne ke fuskantar juna a kan iyakar da ba su gama shatawa ba. A yarjejeniyar Landan ta Afrilu 1915 an yi wa Italiya alkawarin ƙarin ƙasa a Afirka in ta shiga yaƙi a ɓangaren Ingila da Faransa. A ran 12 ga Satumba 1919 Faransa ta biya wani abu daga ciki, ta gyara iyaka daga Gadamus zuwa Gat zuwa Tummo. Daga Tummo zuwa gabas magana ta tsaya. Italiya ta tono takardar Turkawa ta 1890 ta ce ita ce magajiyarsu, jaridunta suna buga taswirar da ta kai Libiya har bakin Tafkin Cadi. A ƙarshen 1928 jakadan Faransa a Roma, Beaumarchais, ya yi tayin ba da yankin Jado, wanda yau ke cikin Nijar. A 1929 Mussolini ya ce bai isa ba, yana son a gangaro har layi na 18, abin da zai haɗiye Tibesti ɗungurungum. Faransa, wadda ta janye sojanta daga Tibesti tun 1916, ta yi maza ta mayar da su a 1929 da 1930, ta kuma cire yankin daga hannun Nijar ta haɗa shi da Cadi. A daidai wannan lokaci ne masu gudun hijira suka fara ɓullowa a rijiyoyin iyaka.

Abin da Italiya ta nema a fili shi ne a karɓe musu makamai, a nisanta su daga iyaka, a hana su sake shiri. Faransa ta yi wannan, kuma ba don faranta wa Roma rai kaɗai ba. Kumandojin Bilma da Faya ba su manta da Agadas ba, ba kuwa mai son ganin ɗaruruwan mayaƙan Sanusiyya da bindigogi a bayan gidansa. Aka tara bindigogi a bariki, aka rubuta sunaye, aka tura mutane kudu, zuwa Kanem da makiyayar da ke arewa da Ngigmi da Gure, ko zuwa garuruwa irin su Fort-Lamy da Zinder. Abin da Faransa ta ƙi shi ne miƙa shugabanni. A takardun jakadanci ana kiran wannan da sunan al'adar ba da mafaka, kuma babu shakka akwai hafsoshin da tausayi ya kama da suka ga halin da mutanen suka iso. Amma ma'aikatar da ke cinikin Tibesti da Mussolini ta san darajar riƙe ɗan gidan Saifun Nasar a aljihu. Lissafin Alhaji Bashir ne aka sake yi da Faransanci.

Ita ma Italiya bakinta biyu. Tana kiran su ƴan fashi, tana kuma dagewa cewa talakawanta ne. Ƙasar da aka ci da yaƙi ta zama kufai ba ta biyan haraji, kuma kowane Balaraben Fazzan da ke zaune a Borku ko Kanem ƙarin hujja ne cewa ƙasar ta Libiya ce. Da Italo Balbo ya zama gwamna a 1934 sai aka sauya murya, aka yi shelar afuwa, ana lallashin masu hijira su koma gida, har a 1937 Mussolini ya hau doki a Tarabulus ya ɗaga takobin da aka ce na kare Musulunci ne. Wasu sun koma, wasu sun ce sun ga abin da ya ishe su. A bakin rijiya ɗaya sai a sami ƴan'uwa biyu na kaka ɗaya: wanda kakansa ya zo bayan 1842, a takarda talakan Faransa ne, wanda ya zo a 1930 kuwa baƙo ne, talakan Italiya, alhali Italiya ce ta kashe masa garke. Raƙumansu kuwa tambari ɗaya suke ɗauke da shi.

A ran 7 ga Janairu 1935 Laval da Mussolini suka sa hannu a Roma. Faransa ta yarda ta ba da wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 114,000, daga Tummo zuwa gabas, wanda aka sani da zirin Awzu. Idon Mussolini a lokacin yana kan Habasha, wadda ya faɗa wa a watan Oktoba na wannan shekara, zirin rairayi bai dame shi ba. Ba a taɓa musayar takardun tabbatar da yarjejeniyar ba, a watan Disamba na 1938 kuma Italiya da bakinta ta ce ta warware.

Ajiyar Faransa ta yi rana a yaƙin duniya na biyu. Leclerc ya tashi daga Cadi ya ci Kufra a ran 1 ga Maris 1941, ya ci Sabha da Murzuk a watan Janairu na 1943, tare da shi kuwa akwai Ahmadu Saifun Nasar, wanda ya yi zaman hijira a Cadi, da mutanensa. Faransa ta ɗora shi a kan Fazzan, kuma da Libiya ta sami ƴancin kai a ran 24 ga Disamba 1951 shi ne ya zama gwamnan lardin, a ƙasar da aka kashe kakansa saboda ita shekara ɗari da tara da suka wuce. Da yawa daga cikin masu hijira sun bi shi a lokacin, wasu kuma sai da arzikin man fetur ya ɓullo a shekarun 1960 da 1970. Waɗanda suka riga suka haƙa rijiyoyi suka binne iyayensu a Ngurti da Tasker suka zauna.

Takardun ba su mutu ba. A ran 10 ga Agusta 1955 Faransa da Libiya suka ƙulla yarjejeniyar abota, suka lissafa tsofaffin takardun da iyaka za ta dogara a kansu, da ta 1899 da ta 1902 da ta 1919, ba su sa ta 1935 ba. A haɗe da ita akwai wata ta maƙwabtaka da ta amince wa makiyaya da ayari su riƙa ƙetare iyaka, wato bayan shekara sittin da biyar ana ja-in-ja, jakadu suka rubuta izinin abin da raƙumi bai taɓa fasawa ba. Libiya ta mamaye Awzu a 1973, aka yi yaƙi, aka je Kotun Duniya da ke Hague. A can lauyoyin Libiya suka sake tono takardar Turkawa ta 1890 da tarihin Sanusiyya da zaman kabilun Libiya a kudu, har da Aulad Sulaiman, don neman ƙasa. A ran 3 ga Fabrairu 1994 kotu ta ce yarjejeniyar 1955 ta riga ta yanke magana, ta ba Cadi gaskiya, Libiya ta janye a ƙarshen Mayu.

A cikin Nijar tambayar ta sake ɗagowa ta wasu fuskoki. A watan Oktoba na 2006 gwamnati ta yi shelar za ta mayar da Larabawan Mahamid na jihar Difa zuwa Cadi, ta janye maganar cikin ƴan kwanaki. Mahamid dabam suke da Aulad Sulaiman, zuwansu na baya-bayan nan ne, daga gabas, amma a bakin mutane da yawa duk Larabawa ne, kuma sauran sun ji tsoron a jikinsu. A 2020 wani ɗan Aulad Sulaiman da ya yi makarantar firamare a Tasker, ya yi kwaleji a Gure, ya gama a makarantar Amadu Kuran Daga ta Zinder, Mohamed Bazoum, ya tsaya takarar shugabancin ƙasa. Abokan hamayyarsa suka kai ƙara cewa takardunsa na zama ɗan ƙasa na asali ba su inganta ba. Kotun tsarin mulki ta kori ƙarar, aka rantsar da shi a ran 2 ga Afrilu 2021, sojoji suka kifar da shi a ran 26 ga Yuli 2023.